Rogo, takanda, rake ko binidazugu: wanne gajiyayyar ƙasa za ta iya ɗauka don samar da mai?

Duk inda aka yi maganar noman makamashi, hujjar farko da ake kawowa ita ce ba za a taɓa gonakin abinci ba, za a nufi ƙasar da ba ta da amfani ne. Hujja ce mai daɗin ji, amma wanda zai zuba kuɗinsa da guminsa yana bukatar ya san abin da ya gajiyar da ƙasar kafin ya zaɓi abin shukawa. Wata jigawa ce mai yashi da ba ta riƙe taki. Wata tsami ya yi mata yawa. Wata gangara ce da ruwa ya kwashe samanta, wata fako ce da garma ba ta shiga, wata kuma lafiyarta ƙalau, damina ce kawai ta gajarce mata. Amfanin gona huɗu aka fi ambata wa irin waɗannan wurare: rogo, takanda da rake, waɗanda ake samun itanol daga gare su a gauraya da fetur ko a yi girki da shi, sai binidazugu da ake matse man ƙwayarsa a mai da shi dizal. Ni dai rogo na fi karkata gare shi, sai dai da sharuɗɗa, kuma akwai ƙasar da ba zan ba kowa shawarar kai shi ba.

A fara da rake, don shi ne ma'aunin da ake auna sauran, kuma shi ne ya fi saurin fita daga lissafi. Birazil ta kafa shirinta na itanol a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973, kuma har yau babu amfanin gonar ƙasashe masu zafi da ya kamo rake: tan ɗaya na ba da lita 70 zuwa 85 na itanol, hekta mai kyau na iya kai lita 6,000 ko fiye a shekara. Ga shi kuma yana zuwa da itacen girkinsa, domin tukar da ta rage bayan matsa ita ake ƙonawa a tafasa tukwanen masana'anta, har a sami rarar lantarki. Amma rake na shan ruwan da ya kai milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya isa sara, yana kuma son ƙasa mai zurfi da ƙarfi. Wanda ke da irin wannan ruwa da irin wannan ƙasa, ƙasarsa ba gajiyayya ba ce. Idan kuwa da ban ruwa zai raya rake a busasshen wuri, to ruwan da ake ta fargabar ƙarancinsa ne zai juya ya koma mai.

Binidazugu labarinsa daban ne, kuma ya kamata duk mai shirin noman makamashi ya san shi. Daga 2003, lokacin da Indiya ta ɗora burinta na dizal ɗin tsirrai a kansa, zuwa wajen 2008, an yi ta tallarsa a matsayin itacen da ke ba da mai a kan duwatsu ba taki ba ruwa. Kamfanin mai na BP ya shiga haɗin gwiwa da wani kamfani mai suna D1 Oils kan nomansa a 2007, ya janye a 2009. Manyan gonakin da aka buɗe a Tanzaniya da Mozambik da yawansu sun durƙushe cikin 'yan shekaru, aka bar mutanen da suka ba da filayensu ba gona ba aiki. Abin da ya faru mai sauƙin fahimta ne. Gaskiya ne itacen ba ya mutuwa a mummunar ƙasa, amma rayuwa daban, haihuwa daban. A fako yana tsayawa shekara da shekaru da 'yan ganye, ƙwayar da zai bayar ba ta biyan ladan tsinka. A lokacin ba a riga an gyara irinsa ba, shi ya sa wannan bishiya ta zuba, ta kusa da ita ta ƙi. 'Ya'yan ba sa nuna tare, dole a riƙa zagayawa ana tsinka da hannu. Sai an jira shekara uku zuwa biyar kafin ya kankama. Mafi muni, ƙwayar guba ce, tunkuzar da ta rage bayan matsa ma dabba ba ta ci sai an cire mata dafi. Ranar da mai saye ya ɓace, manomi ba shi da inda zai kai ta. A matsayin shingen gona da ke hana dabbobi shiga yana da amfaninsa, ana ma iya matse ɗan mai daga abin da ya samu. A matsayin amfanin da za a cika gona da shi, ban ga dalili ba.

Saura biyu ke nan, kuma a nan zaɓin yake da wuya: rogo da takanda.

Abin da ya sa ake yi wa rogo kallon amfanin gonar zamanin sauyin yanayi yana cikin halittarsa. Asalinsa kudancin yankin Amazon ne, Turawan Fotugal suka ƙetaro da shi Afirka a ƙarni na 16, kuma ya saba da ƙasa mai tsami wadda masara ke wahala a cikinta. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar rogo da tsakar rana a lokacin fari ya ga yadda ganyen ke sunkuyawa, suna kauce wa rana kamar tafin hannun da aka kife. Ƙananan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyen suna rufewa da zarar iska ta bushe, tun kafin ƙasa ta ƙare da danshi. In farin ya yi tsawo sai ya zubar da ganyen ƙasa, ya bar 'yan kaɗan a ƙololuwa, ya zauna yana cin ajiyar da ke saiwarsa. Ruwa na dawowa ya sake toho. Yana iya ɗaukar wata huɗu zuwa shida na rani a haka, muddin ya kafu a watanninsa uku na farko.

Babban bambancinsa da duk wani hatsi shi ne ba shi da ranar da in ruwa ya ɗauke shi ke nan. Masara in fari ya same ta tana fitar da bunu da gemu, shekarar ta tafi. Rogo ba ya dogara da fure, saiwa yake tarawa a hankali, don haka fari na rage masa gudu ne kawai. Ga damina mai yankewa a tsakiya, wadda ita ce aka fi kuka da ita yanzu, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Wani bincike da Andy Jarvis da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya suka fitar a 2012 ya kwatanta manyan amfanin gonar Afirka da yanayin da ake hasashe zuwa 2030, ya gano cewa rogo zai riƙe matsayinsa ko ma ya ƙara dacewa a yawancin wurare, yayin da wake da dankalin Turawa za su ja baya. Ƙaruwar iskar kabon a sama ma rogo ya fi rake da dawa cin moriyarta, saboda yadda ganyensa ke sarrafa haske, kuma gwajin fili da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka ya nuna saiwarsa na ƙaruwa sosai. Sai dai a tuna, a ƙasa mai ƙarfi aka yi wannan gwaji. Shukar da ke jin yunwar taki ba ta iya amfani da ƙarin kabon yadda ya kamata.

Ga lissafin mai. Ɗanyen rogo kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa sitaci ne, kusan kashi biyu cikin uku kuwa ruwa. Tan ɗaya na ba da lita 150 zuwa 180 na itanol, wato ninki biyu na abin da tan ɗin rake ke bayarwa. Amma yawan tan a hekta shi ne ke yanke hukunci. Matsakaicin duniya yana wajen tan 11. Tailan na samun kusan tan 20. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noman rogo, matsakaicinta bai kai tan 10 ba. In aka ɗauki lita 160, hekta mai tan 20 za ta ba da lita 3,200, mai tan 8 kuwa ba za ta kai 1,300 ba, kuma kowace litar itanol kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin litar fetur take da shi. Gajiyayyar ƙasar da ba a sa mata komai ba ta fi kusa da lissafi na biyu. Duk wanda ya kawo maka takardar shiri da tan 30 a hekta a kan jigawa, ka tambaye shi taki nawa ya sa a lissafin.

Wannan batun taki shi ne inda aka fi zaluntar rogo da ƙasa baki ɗaya. Saboda yana ba da wani abu inda sauran suka ƙi, sai ake ɗauka ba ya ci. Yana ci, kuma abin da ya fi kwasa shi ne fotash, ɗaya daga cikin sinadaran taki, wanda ke tafiya da saiwar duk ranar da aka loda ta a mota. Gwaje-gwajen shekaru masu yawa a Kolombiya da kudu maso gabashin Asiya sun nuna amfanin na raguwa shekara bayan shekara in ba a mayar da fotash ba. Sannan akwai zaizaya. Ana dasa sanda 10,000 a hekta, taku mita ɗaya tsakani, kuma watanni biyu zuwa uku na farko ƙasar tsirara take, daidai lokacin da ruwan farko ke dukanta. A gangara, bayan ruwa ɗaya mai ƙarfi, za ka ga 'yan hanyoyin ruwa sun tsaga tsakanin kunyoyi, jan yashi ya taru a gindin gona, sandunan da aka dasa wasu sun tone har idonsu na ƙasa ya fito. Ranar tono kuma a sake birkice ƙasar. Sauyin yanayi yana kawo ruwa mai yawa a lokaci kaɗan, don haka wannan matsala ƙaruwa za ta yi. Maganinta sananne ne: a ja kunya a gicciye da gangara, a dasa layin ciyawar jema tsakani, a haɗa da wake ko gyaɗa su rufe ƙasa da wuri, a bar ganye da ɓawo su koma gona. In gangarar ta yi tsanani, a haƙura da rogo, a bar wa ciyawa da itatuwa. Haka nan ƙasar da ruwa ke kwanciya: kwanaki kaɗan saiwar za ta ruɓe.

Takanda ita ce 'yar'uwar dawa mai zaƙin kara, kuma inda rogo ya gaza saboda gajeriyar damina, ita ke karɓa. Wata huɗu ta isa yanka, milimita 450 zuwa 650 na ruwa sun wadace ta, tana jure ɗan gishirin ƙasa da ɗan kwanciyar ruwa fiye da rogo. Da ƙwaya ake shuka ta, kilo kaɗan sun isa hekta, alhali rogo sai an yi jigilar dami-damin sanda masu nauyi da saurin bushewa, kuma gona ɗaya da ƙyar take ba da irin gona goma. Ruwan karanta sukari ne kai tsaye, yis kawai za a zuba ya tsima. Tana ba da tuka ta ƙonawa ko ta dabbobi, ga zangarniya a sama da ake samun hatsi. A takarda kam ta fi kowa.

A aikace matsalarta lokaci ne. Tan ɗin kara bai wuce ya ba da lita 40 ko kusa da haka ba, don haka jigilarsa na cin riba. Da an yanke, sukarin ya fara lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Gonakin yanki guda kuma kusan tare suke nuna, sai masana'anta ta cika maƙil na 'yan makonni, sannan ta zauna sauran shekara injuna na tsatsa, bashin banki na tafiya. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Haidarabad ta Indiya ta gyara ire-iren takanda ta kuma yi gwaji da wata matatar itanol daga wajen 2007, kuma samar wa matatar kara a kai a kai na cikin manyan abubuwan da suka yi wuya. Inda takanda ta fi ma'ana shi ne kusa da masana'antar rake da ta riga ta kafu, ta cike watannin da babu rake, ko inda za a iya dafa ruwanta ya yi kauri a ajiye.

A wannan fage rogo ya yi mata nisa. Gonarsa ita ce rumbunsa: ana iya tonowa daga wata 8 har zuwa wata 18 ko 24, kodayake in ya daɗe sosai yakan yi jijiya. Ana iya tsara tono gona bayan gona, masana'anta ta yi aiki kusan duk shekara. Amma shi ma da ya bar ƙasa agogo ya fara bugawa. Ka tono rogo ka ajiye kwana biyu ko uku ka karya shi: za ka ga zane-zane baƙi-baƙi masu shuɗi-shuɗi sun bi zagayen cikinsa, sun faro daga inda fartanya ta ji masa rauni. Daga nan sai ruɓa. Hanyar kauce wa wannan ita ce a yayyanka shi ƙanana a shanya a daɓen siminti kwana biyu zuwa uku, ana juyawa, har danshinsa ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100. Kilo biyu da rabi na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe, wanda zai yi watanni a ajiye ya kuma yi tafiya mai nisa. Da wannan busasshen rogon ne Tailan da Biyetnam ke ciyar da matatun ƙasar Sin, wadda ta dakatar da gina sabbin matatun itanol na hatsi wajen 2007 ta buɗe babbar matatar rogo a Beihai da ke lardin Guangxi mai ƙarfin fitar da tan 200,000 na itanol a shekara. Tailan kanta tana gauraya itanol na rogo da na ragowar sukari a fetur, kashi 10 ko 20 cikin 100.

Wani abu da ya kamata manomi ya sani: masana'anta sitaci take saye, ba nauyi kawai ba. A Tailan akan ɗebi kilo 5 daga lodi, a sa a kwando, a nutsa cikin ruwa a auna. Gwargwadon nauyinsa a cikin ruwa, gwargwadon sitacinsa. Rogon da aka tono bayan ruwan farko ya sauka, lokacin da ya kwashi ajiyarsa ya yi sabon ganye, sitacinsa ya faɗi. Tonon tsakiyar rani ya fi.

Raunin rogo a masana'anta shi ne wuta. Sitaci ba ya tsima sai an niƙa, an dafa, an zuba sinadaran enzayim da ke mai da shi sukari, sannan yis, sannan a tafasa a kama tururin. Rogo kuma ba shi da tuka. In da gawayin kwal aka yi duk wannan dahuwa, yawancin ribar rage hayaƙi ta tafi. Kowace litar itanol tana barin lita 10 ko fiye na gurɓataccen ruwa mai tsami, wanda in aka sake shi a rafi yana kashe kifi. Abin farin ciki, matsalolin biyu suna warware juna: in aka rufe ruwan a tafki mara iska, yana fitar da gas ɗin da za a ƙona a tukwanen, kamar yadda masana'antun rogo da yawa a Tailan ke yi. Kafin ka ɗaura gonarka da wata matata, ka tambaya da me take hura wuta, ina kuma take kai ruwanta. Haka nan in filin da za a nome daji ne ko tsohuwar makiyaya, kabon da zai fita daga sarewa da kaftu na iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin man ya biya shi, kamar yadda binciken da aka buga a mujallar Science a 2008 ya nuna. Filin da ake kira banza kuma sau da yawa akwai mai kiwo a kansa ko mai ɗibar itace, ko da sunansa ba ya cikin wata takarda. Wannan yana damuna fiye da duk lissafin lita.

Abin da zafi ba ya yi wa rogo, ƙwari da cuta suna yi masa. Farin ƙuda mai yaɗa cutar da ke murɗe ganye yana son ɗumi. Cutar da ke ruɓar da cikin saiwa, wadda aka fara gani a Tanzaniya a shekarun 1930, ta ɓarke a Yuganda daga 2004 ta bazu a yankin manyan tafkunan gabashin Afirka. Ita sai an tono ake ganin ɓarnarta. An tabbatar da cutar murɗe ganye a Kambodiya a 2015, ta bi sandunan iri ta shiga maƙwabta. Wani ƙwaro mai farar hoda a jiki da ya addabi rogon Afirka a shekarun 1970 ya bayyana a Tailan a 2008, kuma abin da ya magance shi a wuraren biyu ɗan ƙaramin zanzaro ne daga Kudancin Amurka, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta fara saki a 1981 ƙarƙashin jagorancin masanin ƙwari Hans Herren. Da yake da sanda ake dasa rogo, duk cutar uwa tana bin 'ya. Dubban hektoci na iri ɗaya tak don ciyar da matata ɗaya gayyatar annoba ce. A samo sanda mai tsabta daga majiya tabbatacciya, a haɗa iri biyu ko uku masu juriya.

Dalilin da ya fi sa ni tsayawa kan rogo shi ne ƙofar fita. In matata ta rufe, ko gwamnati ta sauya dokar gauraya itanol da fetur, ko fetur ya yi araha, rogo na da masu saye: masu sitaci, masu abincin dabbobi, masu sarrafa shi don ci. Takanda ma tana da hatsi da harawa. Amma wannan ƙofa tana da ɗaya fuskar, domin matata mai ƙarfi na iya janye rogo daga bakin mutane ta ɗaga farashinsa, a yankunan da miliyoyi suka dogara da shi. Kuma a kula da iri: itanol bai damu da ɗacin rogo ba, mutum kuwa ya damu, ga shi fari na ƙara yawan gubar sayanayid a saiwa. Wanda yake so ya bar wa kansa zaɓin sayarwa don ci, kada ya cika gona da iri mafi ɗaci.

In ƙasarka yashi ce ko mai tsami, ba ta riƙe ruwa, gangararta mai sauƙi ce, ruwan shekara na kai milimita 800 zuwa 1,000 ko da yana yankewa, kana iya sayen fotash, kuma akwai matata kusa ko daɓen shanya, dasa rogo. In damina wata uku zuwa huɗu ce kuma ruwan bai wuce milimita 600 ba, rogo zai rayu amma ba zai zuba ba. Takanda ce taka, bisa sharaɗin injin matsa yana kusa har kara zai isa a ranar da aka yanke shi. Kafin ka faɗaɗa kowanne, ware rubu'in hekta a mafi munin ɓangaren filin, ka raba biyu, rabi da taki rabi babu, ka auna abin da ya fito a kan sikeli damina biyu a jere. Da wannan adadin za ka zauna da mai matata, kuma a rubuta a yarjejeniya yadda za a auna sitaci, wa zai ɗauki kuɗin jigila, da kwana nawa lodi zai iya jira a bakin ƙofa kafin asarar ta koma kansa.